Kifin shak dabam, masu ba da bashi da ruwa dabam

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, na rubuto ne a kan wata fassara da na ji a labaranku na yamma, inda mai karanta labarai ya kira masu ba da rance ta manhajar waya da suna “kifayen bashi”. Muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida lokacin da aka faɗi haka, sai wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi shekaru yana su a madatsar ruwa ta Tiga, ya rage muryar rediyon ya tambaye ni ko masu sayar da kifi ne suka fara cutar mutane da bashi. Da gaske yake tambayar, kuma ransa bai yi daɗi ba, don yana ganin an taɓa sana'arsa. Na gane cewa an ɗauko maganar ne daga “loan shark” na Turanci, wato azzalumin mai ba da bashi da ake kamanta shi da kifin shak, aka juya ta kalma da kalma.

Shak kifin teku ne, kuma ƙasar Hausa ba ta bakin teku, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa masa suna ba, alhali sun san tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ciki da waje. Saboda haka ban ga laifin a ce “kifin shak” ba idan dabbar ake nufi. Akwai irinsa fiye da 500, jikinsa ba ƙashi sai guringuntsi, kuma haƙoransa suna zuba wasu suna maye gurbinsu har iyakar rayuwarsa. Mafi girma a cikinsu, wanda shi ne kifi mafi girma a duniya, yana iya wuce mita 12 a tsawo, amma ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci, ba ruwansa da mutum. Waɗanda shak ke kashewa a duniya baki ɗaya ba su cika wuce mutum 10 a shekara ba, yayin da masunta ke kashe miliyoyinsa. Duk da haka Turawa sun ɗauke shi alamar haɗama da rashin tausayi, kuma tun ƙarshen ƙarni na 16 suke kiran mazambaci da sunansa. Faransawa ma suna yin haka da kalmarsu ta “requin”, don haka masu fassara a Yamai da Damagaram suna iya faɗawa irin wannan rami.

Matsalar ita ce kifi ba ya ɗauke da wannan hoto a kunnen Bahaushe. A wurinmu kifi abin kamawa ne, abin tausayi ma, shi ya sa muke cewa kifi na ganinka mai jar koma, kuma muke kiran wanda bai san duniya ba kifin rijiya. Idan aka ce wa azzalumi kifi, an mayar da shi wanda ake farauta, alhali shi ne mafarauci.

Ina da dalilin damuwa da wannan. Ɗan ƙanena ya ci bashin naira 20,000 a wata manhaja don ya biya kuɗin asibitin matarsa, aka ba shi mako guda ya biya da ruwa mai yawa a kai. Da ya makara kwana 3, sai aka bi lambobin da ke cikin wayarsa aka tura wa kowa saƙo ana kiransa ɓarawo, har da surukinsa da limamin unguwarsu. Na gan shi zaune a soron gidana, wayar a kife a kan tabarma tana ta ruri, ya kasa ɗaga kai ya dube ni. Irin wannan cin mutunci ne ya sa hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin waɗannan kamfanoni a Legas a 2022. Labari mai nauyi haka ya kamata ya isa kunnen talaka ba tare da ya tsaya tambayar me ake nufi ba.

Hausa ba ta rasa dabbobin da za su ɗauki wannan kaya ba, sai dai kowace da inda ta dace. Kura ita ce ta farko da za ta zo a rai, don ita muka sani da haɗama da cin mai rauni, kuma wanda ya miƙa wa manhaja lambobin wayarsa ya ba kura ajiyar nama ne. Wanda ya zo da murmushi da alkawarin sauƙi kuwa, kura ne da fatar akuya. Ungulu ta fi dacewa da mai jiran mutum ya faɗi ya saye gonarsa ko gidansa a wulaƙance. Kaska, raɓi mai jini, ta mai liƙe wa mai dukiya ce, ba ta mai matsar talaka ba, matsattsaku ya fi kusa da wannan. A ganina kada ne ya fi kowa kama da abin da Turawa ke nufi, don yana kwance shiru har sai mutum ya shiga ruwa da ƙafarsa, ga shi kuma mu ma “ruwa” muke kiran abin da ake ɗorawa a kan bashi. Cikas ɗinsa a rubutu yake, inda ake iya rikita shi da “kada” na hani, amma a rediyo yadda ake furta su yana raba su.

Akwai kuma wuraren da Turanci ke amfani da shak ba da zagi tsantsa ba, kamar ga ɗan caca mai ɓoye gwanintarsa har a sa kuɗi, ko ɗan kasuwa da lauyan da ba a iya ja da su. A nan kura ba ta shiga. Na farko dila ne, ko ɗan wala-wala idan da maguɗi a wasansa, na biyu kuwa gogagge ne, ko ƙasurgumi idan ana son a nuna tsoron da ake yi masa.

Roƙona shi ne a cikin labarai a faɗi abin a fili, a ce “masu ba da bashi da ruwa mai tsanani” ko “azzaluman masu ba da rance”, a bar kura da kada ga sharhi da tattaunawa inda ra'ayi ke da wuri. Ina kuma fatan za ku sake kawo wancan labarin da wannan gyara, don dattijon majalisarmu yana sauraronku kullum.

Wassalam,
Mai sauraronku, tsohon malamin makaranta, daga Kano