Wa za a sa ya riƙe Curry? Amsa ga ƙanena na Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum ƙanena,

A shirin wasannin rediyo da aka gayyace ni ranar Asabar, ka bugo waya ka ce: "Koci, da kai ne za ka kara da Golden State Warriors lokacin da suke ganiyarsu, wa za ka sa ya riƙe Stephen Curry?" Lokaci ya ƙure kafin in buɗe baki. Na zaɓi in amsa maka a fili ne domin musun nan ya daɗe yana yawo tsakanin 'yan ƙwallon kwandon Katsina, masu hana idonsu barci har ƙarfe biyun dare saboda wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Ba ni da wanda zan sa. Mutumin da ya zura jifan maki uku har 402 a kakar 2015-16, ƙungiyarsa ta ci wasa 73 cikin 82, ba a haifi ɗan wasa guda da zai hana shi sakat ba. Abin da zan fara tambayar kaina shi ne, cikin mutum biyar ɗin nan, wa zan ƙyale ya jefa?

Duba yadda harin nasu yake tafiya. Curry na riƙe da ƙwallo can bayan layin maki uku, sai Draymond Green ya zo ya tsaya wa mai gadinsa a hanya. In mai gadin ya zagaya ta baya, kafin ya dawo ƙwallo ta bar hannun Curry. In mutum biyu suka rufar masa, sai ya cilla wa Green, shi kuma ya gangaro da mutum huɗu a kan naka uku, ga Klay Thompson can gefe yana jira. Duk ƙofar da ka rufe, wata ka buɗe. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka aikin koci shi ne ya zaɓi asarar da zai iya ɗauka tun kafin a busa usur.

Houston Rockets sun zaɓi tasu a 2018, a karawarsu da Warriors ta jerin wasanni bakwai, inda wanda ya fara cin huɗu ke wucewa. Suka ce ba za su bi kowa zagaye ba: duk sanda aka tare wa wani hanya, sai masu gadi biyun su yi musayar mutanensu nan take. Suna da kayan aikin, domin P.J. Tucker da Trevor Ariza da Chris Paul da James Harden duk ƙarfafa ne, ba a ture su cikin sauƙi. Wannan ya kashe wa Warriors zirga-zirgar nan tasu mai juya kai, ya mayar da su ɗaya-da-ɗaya, Kevin Durant ya riƙe ƙwallo sauran suna kallo. A wasa na huɗu maki 92 kawai Warriors suka samu, a na biyar 94, Houston ta shige gaba da ci 3 da 2. Sai Chris Paul ya ji rauni a cinya, a wasa na bakwai kuma Houston ta zubar da jifan maki uku 27 a jere, aka fitar da ita. Masu cewa dabarar ba ta yi aiki ba, ba su kalli wasannin ba. Tsaron ya yi nasa, hannu ne ya ƙi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Toronto Raptors a jerin wasannin ƙarshe na 2019, ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya harhaɗa. A wasa na biyu, Durant ba ya nan, Thompson ya fita da rauni. Sai koci Nick Nurse ya ɗauko abin da ake yi a wasannin 'yan makaranta: mutum huɗu su tsaya kusurwa huɗu suna gadin wuri, Fred VanVleet shi kaɗai ya maƙale wa Curry, ko ƙwallo tana hannunsa ko ba ta. Warriors suka shafe fiye da minti biyar ba su ga kwando ba. Amma saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, ƙwallo ta faɗa hannun Andre Iguodala, wanda shi ne aka ƙyale da gangan, ya ɗaga ya zura maki uku, Warriors suka ci 109 da 104. To, ka ga inda ake gane koci. Mai raunin zuciya daga nan zai watsar da tsarin ya ce an ci amanarsa. Nurse ya san kuɗin da ya amince zai biya ke nan, ya ci gaba da matsa wa Curry yana barin sauran su gwada sa'arsu, Toronto ta ɗauki kofin da ci 4 da 2. Raunin Durant da Thompson ya taimaka, babu mai musun wannan.

Akwai kuma abin da masu musu ke mantawa, wato ana gadin tauraro tun daga ɗaya gefen filin. A 2016 Cleveland suna farautar Curry ne idan ƙwallo tana hannunsu: duk wanda Curry ke gadi shi zai zo ya tare hanya, har sai ya tsinci kansa gaban LeBron James ko Kyrie Irving. Ƙafa ta gaji, laifi ya taru. A wasa na shida sai da ya cika laifi shida aka fitar da shi. A na bakwai Warriors suka tsaya a maki 89, fiye da minti huɗun ƙarshe ko maki ɗaya ba su ƙara ba.

Na san abin da ke ranka ba Amurka ba ne, ƙungiyar unguwarku ce da wancan yaron mai hannu da ke addabarku. A nan ma kun fi su Nurse sauƙi. Mu dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke bi, wadda ba ta hana dogon mai tsaro ya kafe a ƙarƙashin kwando, saɓanin NBA da ke ba shi daƙiƙa uku kawai in ba kowa yake gadi ba. Layin maki ukunmu mita 6.75 ne, nasu 7.24, wurin da za ku rufe bai kai nasu faɗi ba. Sannan da wuya ka ga ƙungiya a nan mai gwanayen jifa daga nesa fiye da biyu. Saura ukun, ku ja baya ku ba su wuri, ku cika tsakiya. Laifi biyar ke fitar da mutum a wajenmu, saboda haka ku kai hari ta kan gwanin nasu tun kwatar farko.

Abin da ke kashe mu shiru ne. Zo filinmu bayan la'asar ka tsaya a gefe: za ka ji ƙarar takalmi a kan siminti, ka ji bugun ƙwallo, amma ba za ka ji mai cewa "shinge a damanka" ko "na karɓe shi" ba. Yaro ya zuba wa ƙwallo ido, mutuminsa ya sulale ta bayansa, sai an zura sannan kowa ya fara nuna ɗan'uwansa da yatsa. Musaya irin ta Houston ba ta yiwuwa da bebaye. Haka in kun tilasta wa wanda kuka ƙyale ya jefa ya zubar, amma kuka bar su suka sake cafe ƙwallon da ta dawo, wahalar daƙiƙa 24 ɗin da doka ta ba su su jefa ta tashi a banza.

In kuwa ka nace sai na ba ka mutum, ba gwaninku zan ɗora masa ba, domin ina buƙatar ƙafarsa wajen kai hari, kuma ba wanda ya fi kowa tsawo ba. Zan nemo yaro mai huhu, marar zuciya, wanda ko an zura a kansa sau uku a jere ba zai sunkuyar da kai ba, in ce masa ƙwallo ba ruwansa da ita, rigar mutuminsa kawai zai duba. In ya gaji in sa wani irinsa.

Ka gaida mutanen gida da yaran ƙungiyarku.

Yayanka,
mai horar da matasa ƙwallon kwando, Katsina