Ɗana ba ya cin abinci sai da waya a gabansa

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri bisa shawarwarin da kike ba mu a wannan fili.

Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Legas shekara huɗu ke nan. Muna zaune a Agege, a gidan haya, ciki da falo a saman bene. Maigidana yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba, yakan fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai an yi isha'i. Ɗanmu ɗaya, shekararsa biyu da wata bakwai. Sunan surukina gare shi, don haka Abba muke ce masa.

Ni na fara ba shi wayar, ba zan ɓoye miki ba. Lokacin yaye ne, yana ta rigima, ni kuma ina soya awarar sayarwa da yamma. Na ga in na kunna masa katun yakan zauna wuri ɗaya, in samu in gama da mai mai zafi hankali kwance. Yanzu abin ya fi ƙarfina. Ba ya buɗe baki a ba shi koko sai waya na jingine da filas a gabansa. In caji ya ƙare ga shi an ɗauke wuta, sai ya kwanta a ƙasa yana birgima yana buga kai, har maƙwabciyata Bayarabiya ta leƙo ta tambaya ko duka nake yi. Abin da ya fi ci mini rai, sai in kira sunansa sau uku bai waiwayo ba.

Da na kai shi asibiti watan jiya na faɗa wa wata nas. Ta ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna kallon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya yi ƙasa da haka ma ya fi. Ta ce yaro kamarsa yana bukatar motsa jiki na awa uku a rarrabe cikin yini. Na dawo gida ina lissafi, na ga Abba yana yin awa huɗu ko biyar a kan waya.

Anti, a ina zai yi wannan motsin? Mu da muka tashi a gida tsakar gida gare mu, ga rairayi, ga yaran maƙwabta, mu yi ginin ƙasa mu yi 'yar tsana har a kira mu cin tuwo, da dare kaka ta yi mana tatsuniya. Nan kuwa da ka buɗe ƙofa sai matakalar bene, ƙasa kwata ce a buɗe da hayaƙin janareta, ga masu Keke suna wucewa a guje. In damina ta kankama sai mu yi kwana biyu ba mu sauka ba.

Ba wai na naɗe hannu ba ne. Na kife masa tukwane na ba shi ludayi yana kiɗa, ya ji daɗi sosai, amma mutanen ƙasa suka yi ƙorafin ƙara. Na tara masa gwangwanayen madara yana jerawa yana rushewa, minti biyar ya gaji. Na ba shi wake ya riƙa zubawa daga kofi zuwa kwano, ashe ya cusa ƙwaya ɗaya a hanci, sai da muka kwana a tsorace muka dangana da asibiti. Tun ranar na daina ba shi duk wani abu ƙanana. Abin da ya fi riƙe shi shi ne ruwa. In na zuba kaɗan a faranti mai faɗi na ba shi soso da kofunan roba, sai ya duƙufa yana cewa wanke-wanke yake yi, yana matse soson da hannu biyu yana dariya. Sai dai ba na iya barinsa da ruwa in juya baya. Haka in na kwaɓa masa fulawa yana mulmulawa, ko na ce "ga ta nan ga ta nanku" na fara masa labarin Gizo da Ƙoƙi, yakan manta da waya, amma duk sai ina zaune kusa da shi. Da na miƙe zuwa wajen suya sai kuka, ya biyo ni ya riƙe zanina, ga kasko a kan wuta.

Maigidana cewa yake yi in rabu da shi, duk yaran yanzu haka suke. In ya dawo a gajiye shi ma wayarsa yake miƙa masa don ya samu ya ci abinci.

Don Allah ki ba ni shawara. In raba shi da wayar gaba ɗaya in jure kukan, ko in riƙa ragewa sannu a hankali? Wane wasa ne marar haɗari da yaro mai shekarunsa zai yi shi kaɗai na rabin awa a falo, ina hango shi daga inda nake suya, wanda ba sai na sayi kayan wasa masu tsada ba? Kuma ta yaya zan shawo kan babansa mu zama baki ɗaya, ba tare da ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Maman Abba, daga Agege