A riƙa duba hantar masu ciwon suga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka kan wani giɓi a kula da masu ciwon suga a Katsina: ana duba musu ido da ƙoda da ƙafa, amma ba kasafai ake waiwayar hanta ba, alhali kitse kan taru a cikinta ya yi mata illa.

Kowace ƙwayar halittar hanta tana ɗauke da maitokondiriya 1,000 zuwa 2,000, wato 'yan murhun da ke ƙona kitse su fitar da kuzari. Kitsen ba ya shiga murhun sai sinadarin CPT1 ya shigar da shi. Idan zaƙi ya yi yawa, lemon kwalba da rana, shayi mai cokali huɗu da dare, hanta takan mayar da rarar ta zama sabon kitse. Garin yin haka take samar da wani sinadari mai suna malonil-CoA, shi kuma ya danne CPT1, kitse ya taru. Kitsen da ya samu shiga ma yakan fi ƙarfin murhun, sai ya riƙa fesa tartsatsin oksijin mai ɓarna. Aikin wani sinadarin kariya mai suna SOD2 ne ya kashe tartsatsin. In aka rinjaye shi, DNA, wato kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, ta lalace, hanta ta kumbura, ta yi tabo, ta ƙanƙance. A wannan tabon ciwon daji ke tsirowa, bayan shekaru ba ciwo ba zazzaɓi. Ga shi har gobe muna kiran tumbi alamar hutu.

Abin ya fi muni a wajenmu, domin kitsen yakan tarar da hantar da ciwon hanta nau'in B ya riga ya raunana, ga gubar aflatoksin daga gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ba su gama bushewa ba.

Gwajin ALT, sinadarin hanta da ake aunawa a jini, shi kaɗai ba ya wadatarwa, yakan fito lafiya lau alhali tabo ya yi nisa. Likita ya haɗa shekaru, ALT, AST (wani sinadarin irinsa) da adadin filatilet (ƙwayoyin da ke daskarar da jini) ya fitar da lissafin FIB-4 mai kimanta haɗarin tabon hanta: ƙasa da 1.3 haɗarin kaɗan ne, sama da 2.67 sai a tura wa ƙwararren hanta. A yi gwajin HBsAg, mai gano ciwon hanta nau'in B, ko sau ɗaya ne. Wanda hantarsa ta ƙanƙance kuwa, hoton ciki duk wata 6.

Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, kilo 6 zuwa 9 ga mai kilo 90, yana sauke kumburin, har tabon kan ja baya. Jiƙe-jiƙen "wankin hanta" da ake talla a tasha ba sa wannan aikin, wasunsu ma hantar suke ci.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Katsina