Wasiƙa zuwa ga Yaya kan maganar tarakta

Winifeg, Kanada
Watan Janairu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali, da Baba da Inna da sauran mutanen gida baki ɗaya. Ni ma lafiyata ƙalau, aiki sai godiya, sanyi kuwa lokacinsa ne. Na gwammace in rubuto maka a kan in kira, domin duk sa'ad da na kira nakan ji tsakar gida cike da mutane, kuma tazarar awa 7 da ke tsakaninmu ta sa in na sauka daga mota ku kun daɗe da kwanciya. Ina so ka zaunar da Auta ka karanta masa wannan takarda da bakinka, amma ba a gaban Inna ba.

Labari ya iso mini ta bakin ɗan Kawu cewa tun shigowar hunturu tarakta ba ta tashi da asuba sai Auta ya hura wutar kara a ƙarƙashin injinta, in kuma ta ƙi, sai ya jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin bututun iska yana murza makulli. Da farko na ɗauka ƙarin gishiri ne, har sai da aka turo mini hoton bidiyo. Na ga harshen wuta yana lasar ƙasan inji, na ga yaran gida sun kewaye suna jin ɗumi kamar an zo hirar dare, na kuma ga tarin karan dawa a jingine bai fi taku biyar daga wurin ba. A daren nan barci bai ɗauke ni ba. Kai shaida ne a kan yadda aka sami taraktar nan. Shekara 4 na yi ina kwana a ɗakin bayan tirela ina tara kuɗinta, Baba kuma ya sayar da shanu biyu ya cika, yanzu ga shi ana gasa ta kamar masara.

Bari in yi bayani yadda Auta zai gane, tunda na san zai ce kowa haka yake yi a tasha. Injin gas ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na mashin ko motar fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda, wajen ninki 16 zuwa 20, har iskar ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Saboda haka tashin injin gas yana rataye ne a kan zafin matsi. Idan ƙarfen inji ya kwana cikin sanyi yakan shanye wannan zafin kafin mai ya kama, baƙin mai ma yakan yi kauri ya riƙe inji, batir kuma ƙarfinsa yakan ragu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Duk dabarun tashin mota a sanyi a kan waɗannan abubuwa suke, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke bukatar ashana.

A nan inda nake, a lardin Manitoba, a watan nan sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani daren har ya doshi 40. Mutum in ya fito, gashin hancinsa yakan daskare kafin ya kai bakin mota. Duk da haka tirela tana tashi kullum. Akwai hita da aka dasa a jikin inji mai ɗumama ruwan lagireto, wayarta tana leƙowa ta gaban mota, da yamma sai a jona ta da lantarki. Shi ya sa a wuraren ajiye motoci na garin nan za ka ga sanduna a jere, kowace da soket, motoci a ɗaɗɗaure da waya kamar dawaki a turke. Ƙananan motocin gas kuma suna da hita a cikin silinda ko a hanyar iska, direba yakan buɗe makulli ya jira fitilar hita ta mutu a gabansa kafin ya tayar. Baƙin mai ma na hunturu daban ne, mai lamba 5W-40 ko 0W-40 muke zubawa maimakon 15W-40 da kuka sani, domin ba ya yin kauri da wuri. Ni da hannuna nake bin waɗannan abubuwa kowane dare, kuma a bana sau uku shugaban gareji yana turo mini sababbin direbobi in nuna musu, cikinsu har da 'yan ƙasa da aka haifa a cikin ƙanƙarar.

Sau ɗaya sanyi ya taɓa kayar da ni, kuma laifina ne. A shekarata ta biyu na kai kaya jihohin kudu na ƙasar Amurka, na cika tanki a can inda ake zafi, na kamo hanyar arewa ban ƙara maganin hana daskarewa ba. A cikin man gas akwai kaki, kuma idan sanyi ya yi tsanani kakin yakan fito ya dunƙule, shi ya sa gidajen mai na nan suke sayar da gas na hunturu wanda aka sirka da mai marar nauyi irin kananzir. Nawa na ƙasar zafi ne. Da tsakar dare, ban kai kan iyakar Kanada ba, mota ta fara shaƙewa, ta rage gudu, ta mutu a gefen hanya. Da mai gyara ya zo ya kwance filta ya haska mini da tocila, abin da na gani a ciki sak man shanun Inna ne a ƙwarya da safiyar hunturu, har ana iya lakata da yatsa. Na ɗan jira awa huɗu kafin ya iso, ba wani abu ba ne, ina da bargo. Wannan shi ne watan da kuɗin gida suka yi jinkiri na ce maka matsalar banki ce. Kada Inna ta ji.

Na kawo wannan ne domin ka auna da sanyin gida. A yankinmu na Kafin Hausa, ko a tsakiyar hunturu, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili. A irin wannan sanyi man gas ba ya daskarewa, kuma inji mai lafiya yakan tashi a murzawa ɗaya ko biyu. Idan tarakta tana ƙin tashi, to akwai ciwo a jikinta, hunturu tona shi kawai ya yi. Na fi zargin batir, domin na san shekararsa uku, kuma an ce mini har cire shi ake yi da dare a kai shago ana cajin waya da kallon ƙwallo. Batir mai rauni ba ya juya inji da saurin da zai tara zafi. Bayansa sai matacin iska, wanda ƙurar hunturu take toshewa cikin 'yan kwanaki, sai filtar mai, sai ruwa ko iska a cikin layin mai. Ka tsaya da kanka gobe da safe ka dubi salansar tarakta lokacin da Auta yake murza makulli. Idan farin hayaƙi yana fita, mai yana isa amma ba ya kamawa, sai a duba batir da hita da matsin inji. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isa, sai a bi layin mai daga tanki har famfo.

Maganar fetur ita ta fi tayar mini da hankali. Fetur yakan kama da wuri, tun fistin bai gama hawa ba, sai ya doke shi ta sama, wannan ƙarar da ake ji kamar ana dukan ƙarfe da guduma ke nan. A hankali ringi yakan karye ko ya cinye, matsi ya ragu, sai inji ya koma ba ya tashi sai da fetur ɗin, har mutane su ce ya saba. Ba sabo ba ne, lalacewa ce take ƙaruwa, ƙarshenta inji ya buga ana tsakiyar aikin alkama. In kuma akwai hita a bututun iska tana ja, fetur ya same ta, wuta za ta dawo ne a fuskar mai riƙe da tsumma. A nan ma akwai wani maganin fesawa na gwangwani da ake tayar da inji da shi, kuma a garejinmu an hana fesa shi a duk motar da ke da irin wannan hita. Wutar kara kuwa ba sai na faɗa ba, akwai robar mai da wayoyi da taya a wurin, ga rumbu, ga yara.

Ga abin da nake so a riƙa yi daga yau. A kwantar da tarakta a cikin rumfa inda iska ba ta bugunta, a rufe inji da buhu ko tsohon bargo bayan ya huce. A cika tanki da yamma, domin tankin da ya kwana rabi yakan tara raɓa a ciki, ruwan ya gangara cikin mai. A daina sayen gas a hannun 'yan bumburutu, a je gidan mai a Haɗeja a sayo a duro, a bar shi ya kwanta kafin a ɗiba, kuma kada wani ya ji na ambaci kananzir ya ce zai sirka, ku ba ku da bukatarsa, famfo kawai zai cinye. Da safe a taka kuloci, a ba hita lokacinta, a murza makulli kada ya wuce daƙiƙa 15, in ba ta tashi ba a jira minti 2 kafin a sake, don kada kik ya ƙone. In ta tashi a bar ta ta yi minti 5 tana aiki a hankali kafin a ɗora mata garma. Ranar da duk aka yi haka ta ƙi, a jira hantsi ya ɗaga, gona ba za ta gudu ba.

Na turo naira 400,000 ta asusunka ranar Litinin. A sayi sabon batir da naira 150,000, a karɓo rasit, ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Naira 100,000 ta baƙin mai ce da filtar mai da matacin iska, 50,000 kuma ta bakaniken nan na Haɗeja da ya yi mata aiki bara, ya zo har gida ya gwada matsin inji da nozul, ba yaron tasha ba. Sauran 100,000 na maganin Inna ne da cefane. Yaya, ina roƙonka kada kuɗin nan su bi hanyar waɗanda na turo da damina, waɗanda aka ce na batir ne suka ƙare a gudunmawar biki. Ban yi magana a lokacin ba saboda girmanka, kuma na san nauyin gida duk a wuyanka yake, ni kuɗi kawai nake turowa daga nesa, ban san zafin ranar da kuke sha ba. Amma kuɗin batir na batir ne. Kuma in an saya, ya zauna a jikin tarakta, makulli kuma ya riƙa kwana a ɗakinka.

Kada ka yi wa Auta faɗa a gaban mutane. Lokacin da na bar gida bai fi shekara 14 ba, da ina nan da ni zan koya masa waɗannan abubuwa a gindin inji, ba a takarda ba, kuma abin da ya gani a tasha shi ya kwaikwaya. Na san asubancin da yake yi don a gama huɗar mutane a sami na mai ne. Ka faɗa masa in bakanike ya zo ya tsaya kusa ya buɗe ido, kuma in na ji wata guda ya wuce ba wuta ba fetur, zan turo masa wayar da ya daɗe yana roƙo. In kuwa na sake ganin hayaƙin kara a ƙarƙashin taraktar nan, to a karɓe ta a ba ɗan Kawu ya riƙa tuƙawa, ban yi shawara da kowa ba a kan wannan.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa ina neman addu'a, maganar zuwa gida kuma ina nan ina ƙoƙari ko Allah zai sa a dace da babbar Salla. Ka ce wa Inna rigar sanyin da ta damu da ita ina da har guda uku, kuma ina cin abinci mai zafi. Ina gaida Gwaggo da matarka da yara. Ka sanar da ni da zarar kuɗin sun shigo, sannan ina jiran hoton rasit da abin da bakanike ya ce game da matsin inji.

Wassalam,
Ƙaninka