Wasiƙa: Masu son haɗa zaman kallon taurari a bayan Jidda da Makka, a fara duba kwanan wata

Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarku domin mu yi magana da 'yan'uwa Hausawa mazauna Jidda, Makka da Ɗa'ifa a kan yadda ake haɗa zaman kallon taurari a bayan gari. Duk wanda sha'awar abin ta kama, tambayarsa ta farko ita ce wace na'urar hangen taurari zai saya. Na'ura kuwa ita ce ta ƙarshe a lissafi. Sau da yawa zaman da ya watse ba daɗi, tun daga zaɓen dare aka ɓata shi.

Mu a nan mun huta da wannan wahala, domin kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Musulunci ta Saudiyya, na cikin wayar kowa, kuma kwanan watan Musulunci shi ne jadawalin mai kallon sama. Daga 5 zuwa 8 ga wata, daren kallon wata ne shi kansa. A lokacin rana na haska shi ta gefe, sai duwatsu da ramukan da ke kan iyakar haske da duhu su fito da inuwarsu raɗau. Wannan shi ne daren da ya dace da zaman farko, wanda za a zo da yara da tsofaffi, don wata ba ya ɓuya, kuma ko fitilun gari ba sa hana ganinsa. Daga 22 ga wata zuwa 2 ga mai kamawa kuwa, daren duhu ne. Wata na jinkirin fitowa da kamar minti 50 kowace rana, ta yadda a 22 ba zai leƙo ba sai wajen tsakar dare. A nan ne ake neman abubuwa masu dishi-dishi. Daga 12 zuwa 16 a haƙura. Mutane na ganin farin wata su ce yau ne daren fita, alhali cikakken wata na shafe ƙananan taurari, shi kansa kuma a na'ura fari fat yake, ba inuwa, sai kashe ido.

Daren Alhamis wayewar Juma'a ko daren Juma'a wayewar Asabar ya fi sauƙi ga ma'aikata da 'yan makaranta. A isa wurin saura awa ɗaya Magariba, a ga ƙasa da ido tun da sauran haske, a kafa kaya, a yi sallah a wurin. Isha'i a lissafin Ummul Ƙura minti 90 ne bayan Magariba, in ban da Ramadan da ake mai da shi 120, kuma kafin a kira ta sauran hasken rana ya gama ɓacewa daga sama. Da an sallame Isha'i sai a fara, a tashi kafin sha biyu.

Wuri kuma ba nisa kaɗai ake dubawa ba, a duba ta ina gari zai kasance. Yawancin abin kallo ta kudu yake ratsawa, don haka a so hasken gari ya koma bayan mutum, ta arewa. Wanda ya tafi Usfan ko Khulais ya samu sararin arewa da gabas mai kyau, amma jan hasken Jidda na nan a kudu maso yammacinsa. Bahra ta fi ko'ina wuya, Jidda ta yamma, Makka ta gabas. Hanyar Lis da ta yi kudu ta fi, muddin an kauce wa fitilun tashoshin lantarki da tace ruwa na Shu'aiba. Wanda ya iya hawa Hada ko Shafa a gefen Ɗa'ifa, inda tsayi ya kai wajen mita 2,000, ya bar danshin teku a ƙasa, sai dai ya tafi da rigar sanyi ta gaske, ya kuma san hazo kan rufe wurin ba sallama. Mun san a 2024 an ayyana Manara da Garamil na yankin Ula a matsayin wuraren da ake kare duhun samansu, amma wannan tafiya ce ta hutu, ba ta zaman wata-wata ba.

Ga zaman farko, istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bakin gari ta wadatar. Akwai katanga, akwai banɗaki, ana iya ware wa mata ɓangarensu da na'urarsu. Sharaɗi ɗaya za a yi da mai wurin tun kafin a biya: a nuna muku makunnin fitilun tsakar gida da na kan katanga, kuma ya yarda a kashe su. Wasu fitilun da kansu suke kamawa da dare ya yi, in ba a tambaya ba sai an zauna a gane. A tsaya a kan 'yan'uwa da abokai, mutum 20 zuwa 30. Taron da za a yi wa jama'a shela sai da izinin hukuma. Kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, akwai shingayen bincike a hanyoyin nan, kuma kada a ɗauki hoton iyalin wani ba da yardarsa ba.

In fili za a fita, kada a zauna a cikin kwari, komai laushin yashinsa. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 ya san ruwan da ya sauka a kan duwatsu na iya isowa inda ko ɗigo bai faɗi ba. A duba sanarwar hukumar hasashen yanayi da safe, a sake dubawa da la'asar, don ruwa da kuma ƙura. Takalmi rufaffe ga kowa saboda kunama, kada yara su ɗaga duwatsu. Ruwan sha lita biyu ga kowane mutum. Ƙaramar mota ba ta barin hanya mai tauri, kuma a dawowa a yi hattara da raƙuma. Kada a sari itace a hura wuta, doka ta hana, hasken da hayaƙin ma sun isa su kashe zaman. A wannan yanki 911 ake kira in wani abu ya taso.

Sai babbar matsala, wato hasken da mu da kanmu muke zuwa da shi. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, farin haske na daƙiƙa biyu kuma ya mai da shi baya. Mutum ɗaya ya duba WhatsApp, na kusa da shi duk sun tafka asara. Don haka a faɗa tun a saƙon gayyata, kada a bari sai an zo a fara jin nauyin juna. Tocila a naɗe mata jar leda ninki biyu a ɗaure da roba, jan haske bai cika taɓa ido ba. Waya a rage haskenta zuwa ƙarshe. Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana da yanayin jan haske, a kunna shi tun daga gida. Motoci a ajiye su kamar mita 30 daga wurin zama, gabansu na kallon hanyar fita, a kashe fitilar ciki da ke kamawa in an buɗe ƙofa. Wanda ya san zai makara, ko zai riga kowa tafiya, ya ajiye tasa can ƙarshe. Koren hasken leza da ake nuna taurari da shi, shawararmu a bar shi a gida. Sararin Jidda cike yake da jiragen da ke sauka filin Sarki Abdul'aziz, haska jirgi laifi ne, kuma da ya shiga hannun yaro an gama.

Yanzu na'ura. Darbil, wato madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 10x50 ko 7x50 shi ne abin farawa, kuma gidaje da yawa akwai shi a ajiye. Da shi za a ga ramukan wata, a ga Kaza da 'Ya'yanta sun tashi daga shida ko bakwai sun zama gommai, in an jingina hannu a kan mota ma a hango watannin Mushtari (Jupiter) kamar ɗige-ɗige a gefensa. Masu son haɗa kuɗi su sayi babbar na'ura, su nemi ƙirar Dobson mai faɗin madubi milimita 150 ko 200. Ba ta da batir, ba ta da wuyar kafawa, da hannu ake juya ta. A guji wadda aka rubuta wa "sau 525" a kwali alhali bakinta milimita 60 ne. Iyakar girman da na'ura ke bayarwa da tsabta bai wuce ninki biyu na faɗin bakinta ba, wato 120 ga irin wannan, ga ƙafafunta kuma ba ƙwari, ko tari aka yi sai hoton ya yi rawa.

Lissafin girma mai sauƙi ne: a raba lambar tsawon da aka rubuta a jikin na'ura da lambar da ke jikin gilashin ido. Na'ura mai tsawon milimita 1,200 da gilashin 25 na ba da sau 48, da gilashin 10 kuma sau 120. Kullum da na 25 ake nemo abu, sannan a canza. Wanda ya fara da na 10 zai yi ta yawo a baƙin sama yana cewa na'urar ta lalace. Haka ɗan ƙaramin madubin saiti da ke bisa, tun da rana ake daidaita shi da babbar a kan wani abu mai nisa, kamar kan hasumiya. In ba a yi ba, abin da ke tsakiyar ƙaramin ba zai bayyana a babbar ba. Kuma ko da wasa kada a juya ta wajen rana.

Akwai abin da ya shafe mu mu na bakin Bahar Maliya musamman. Na'urar da ta yi awa guda cikin sanyin mota, da an fito da ita cikin danshi sai gilashin ya yi gumi nan take. Kada a goge da hannun riga, ƙurar da ke kai za ta karce shi. A bar murfinsa a rufe minti 30 zuwa 45 har zafinsa ya daidaita da na waje, ko a rage sanyin mota tun a hanya. Siminti da kwalta kuma na fitar da zafin da suka sha da rana, haka bayan na'urar sanyaya ɗaki a kan soro. In aka kalli Zuhal (Saturn) ta saman su, sai a gan shi yana motsi kamar abu a ƙasan tafasasshen ruwa. A kafa a kan ƙasa, a shimfiɗa darduma, don in ƙaramin noti ya faɗi a same shi.

Na'ura ɗaya ta ishi mutum goma, kuma dole wani ya tsaya a gefenta. Duniya na juyawa digiri 15 a awa, saboda haka a girman 120 abin da aka saita kan fice cikin ƙasa da minti biyu. In ba mai gyarawa, na uku a layi baƙi zai gani ya ce ya gani don kunya. A tambayi kowa me ya gani. A tanadi kujerar tsuguno ga yara, a hana su kama na'urar da hannu. A kuma faɗa wa mutane gaskiya tun farko: launukan da suke gani a hotunan intanet ba za su gan su a nan ba. Gungun Andromeda, wanda Abdurrahman as-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a shekarar 964, ɗan gajimaren ne dai za a gani, sai dai haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Zoben Zuhal da watannin Mushtari huɗu su ne ba sa ba da kunya, ko a sau 48.

Masu jiran layi kada a bar su zaune. A koya musu awo da hannu: dunƙulen hannu in an miƙe shi kamar digiri 10 ne. Tauraron arewa a Jidda dunƙule biyu yake daga ƙasa, a Kano kuwa ɗaya da 'yan kai, abin da ke nuna nisan da muka yi zuwa arewa. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, a nemo taurari uku da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin Jauza'u (Orion). A bi layinsu ta gefe ɗaya a iske Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, mafi haske a taurarin dare. Ta ɗaya gefen a wuce tauraron Dabaran a iske Kaza da 'Ya'yanta. Can ƙasa da Shi'ira ga Suhail, wanda a nan ba ya wuce digiri 16 daga ƙasa, shi ya sa muka nace a kan sararin kudu. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba da na 12 zuwa 13 ga Agusta kuma ana samun yawan taurari masu faɗowa, waɗannan tabarma kawai suke so.

Za a samu dattijon da zai tambaya ko wannan ba duba ba ne. Tambaya ce mai kyau, a amsa ta da ladabi: ba a faɗa wa kowa sa'arsa, halitta ake kallo ana koyon lissafinta. In an hango jinjirin wata ma, sanarwa ta Kotun Ƙoli ce, ba ta zauren WhatsApp ba.

Dalilin da ya sa muke so a fara yanzu shi ne ranar 2 ga Agusta 2027, da za a yi cikakken kusufin rana a kan Jidda da Makka, bayan ƙarfe ɗaya na rana, duhun ya kai wajen minti biyar ko fiye. Ranar kowa zai ɗaga kai, har yara. Baƙin tabarau ba ya kare ido, haka takardar hoton ƙashi da gilashin da aka shafa wa hayaƙi. Sai tabarau na kusufi mai lambar ISO 12312-2, kuma shi ma ba a sa shi a leƙa darbil ko na'ura, domin zafin da gilashi ya tara zai huda shi. Matatar hasken rana ta na'ura a gaban bakinta ake ɗaura ta. Kowace unguwa na buƙatar mutum biyu ko uku da suka san wannan, a kuma yi odar tabarau ɗin da watanni, kafin jabu su cika kasuwa.

Wassalam.

Daga wasu ma'abota kallon taurari,
Jidda, Saudiyya