Mma ta kira ni Sallah, amma da sharaɗi

Salama alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, ina kuma gode miki da yadda kike sauraron kukan mutane a shirinki ba ki taɓa kunyata kowa ba. Na san ke Musulma ce, kuma da gangan na zaɓe ki, domin zuciyar uwa irin ta Mma ke za ki fi kowa saninta.

Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, shekarata 27, sana'ata ɗinki. Wata goma sha huɗu ke nan da na karɓi Yesu Almasihu, aka yi mini baftisma. Babu wanda ya ba ni ko sidi ɗaya, kuma ba saurayi ne ya ja ni ba, ko da yake abin da ake faɗa a unguwa ke nan. Na daɗe ina karatu ina tunani kafin na yanke. Ban rubuto don a yi muhawarar addini ba.

Ranar da na gaya wa Baba, ya daɗe bai ce uffan ba, daga baya ya ce in tattara kayana. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Mma tana bakin murhu tana dama kokon da za ta fitar da safe, ba ta juyo ba, amma na ga muciyar ta tsaya a hannunta. Na koma Bantama, na kama ɗaki. Mai gida ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, sai da na sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkina biyu. Matan da nake yi wa ɗinkin Sallah tun ina koyo, yawancinsu sun janye.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda zan zama baƙuwa a coci ma. Mutanen suna ƙaunata, ba zan ci amanarsu ba, su suka tara mini kuɗin katifa. Amma da Twi ake yin komai. Ina jin Twi, da shi nake ciniki a kasuwar Kejetia, sai dai addu'a da shi ba ta ratsa ni. Sai na dawo ɗaki na buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayata, in ga an rubuta Allah, an rubuta Ibrahim da Musa da Dawuda, sannan hankalina yake kwanciya. Har yau da mayafina nake shiga coci, in babu shi ji nake kamar na fito tsirara. Wata dattijuwa ta ja ni gefe ta ce in ajiye shi, wai alamar tsohuwar rayuwa ce. Wata rana muna cin abinci bayan sujada, na ce bismillah kafin in kai loma, kamar yadda bakina ya saba tun ina goye, sai wurin ya yi tsit. An kuma so in canza suna. Na ƙi. Sunan kakata ne, Baba ya yanka rago ya raɗa mini.

Kullum da asuba nakan farka daidai lokacin kiran salla, ko da a nan ba na jin ladan sosai. Sai in zauna in yi addu'ata, ina tuna cewa a daidai wannan lokacin Mma ta idar, tana ɗora man ƙosai a wuta, kuma babu mai jera mata kofuna.

To, makon jiya ƙanena ya zo shago da waakye, wato shinkafa da wake, a ganye, irin dahuwar Mma, har da dafaffen ƙwai biyu yadda nake so. Ya ce Mma ta ce in zo Babbar Sallah, ta roƙi Baba ya yarda. Na rungume yaron ina kuka. Sai ya ƙara da cewa akwai sharaɗi: in yi shiga irin ta 'yan'uwana, in bi su filin idi, in tsaya a sahu, don bakin mutane ya mutu. Ya ce tun da na tafi Mma ta daina zuwa suna da biki saboda habaicin mata.

Hajiya, zuwa gida ba ya ba ni tsoro. Zan yi shara, in wanke kayan ciki, in soya nama, in kai wa maƙwabta rabonsu. Wasu a coci sun ce kada in ci naman layya, amma ni zuciyata ba ta hana ni ba, domin labarin Ibrahim da ragon yana cikin littafin da nake karantawa. Tsayawa a sahu ne ya gagare ni. In na ɗaga hannu na yi kabbara alhali na san abin da ke zuciyata, na yaudari Mma, na yaudari jama'ar da ke gefena, na kuma yi wasa da sallarsu, wadda ban taɓa rainawa ba. In kuma na ƙi, wataƙila ƙofar da aka buɗe mini da ƙyar ta sake rufewa, kuma Mma ce za ta sha kunyar a gaban Baba.

Ina yawan tuna shekarar 2019, lokacin da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista. Ya zauna da su a matsayinsa na Musulmi, babu wanda ya ce ya bar addininsa. A lokacin Baba da kansa ya yaba. Ban sani ba ko ya dace in tuna masa, ko kuwa zai ɗauka rashin kunya ce daga 'yar da ya haifa.

Ki ba ni shawara, Hajiya. Da wane baki zan gaya wa Mma cewa zan zo, amma idi ba zan je ba? In fara zuwa ni kaɗai da dare in durƙusa mata, ko in nemi Kawu, yayanta, ya shiga tsakani? Yana jin maganata, Baba kuma yana jin nauyinsa. Na riga na yanka mata atamfa, saura haɗa hannu, kuma ban ba ƙanena amsa ba. Ya ce zai dawo ranar Juma'a.

'Yarki,
daga Bantama, Kumasi