Fiyanon Bartok da sarewar makiyaya

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu, ni makaɗin fiyano ne a wani situdiyo a Zoo Road, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya.

Wani ƙanina ne ya turo min kiɗan wani Bature ɗan Hangari mai suna Bela Bartok, wanda aka haifa a 1881 ya rasu a Amurka a 1945. A 1915 ya tsara wasu gajerun kiɗe-kiɗe guda 6 na fiyano zalla, na raye-rayen ƙauyawan Romaniya, ba waƙa ba ganga, duka-duka wajen minti 5 an gama. Na farko rawar sanda ce. Amma na ukun ne ya kama ni, hannun hagu ya dafe wuri guda yana ta nanata amo ɗaya, na dama kuma yana can sama siriri yana lanƙwasa kamar sarewar ɗan Fulani a bayan shanu da la'asar, wallahi sai da na cire abin kunne na yi shiru, na maimaita shi ya fi sau goma kafin yatsuna su kamo shi.

To abin da ya sa na rubuto shi ne, mutumin nan fa ba daga kansa ya ƙago su ba. Ƙauye-ƙauye ya dinga bi a yankin Taransilbaniya, wanda yanzu yake cikin Romaniya, ɗauke da wata na'ura irin garmaho mai ɗaukar sauti a jikin kaki irin na kyandir, ya zaunar da masu goge da makiyaya masu sarewa su yi ya ɗauka, ya koma gida ya rubuta dalla-dalla. Har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913 ya ɗauki kiɗan Larabawa.

Mu kuma a nan furodusa zai shigo da waya a hannu ya kunna maka kiɗan Indiya ya ce yi min irin wannan, ka yi a biya ka, ni ma da shi nake ci, amma yana damuna matuƙa. Ga garaya ga kukuma ga gurmi ga algaita, masu su suna ta tsufa, wani tsoho mai garaya da ke zagayowa unguwarmu a Gwale tun ina yaro bara ya rasu, ko minti ɗaya na kiɗansa ba ni da shi, alhali wayar da za ta ɗauka tana aljihuna kullum.

Roƙona Edita, ku tura wakilinku ya dinga zaƙulo mana irin waɗannan dattawa ana bugawa da sunan garinsu, malaman Hausa na Jami'ar Bayero su ma su sa hannu. Ni dai Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan tafi Ɗambatta da rikoda, an ce min akwai mai sarewa a can.

Naku,
Mai karatu daga Gwale, Kano